Yadda Nas Sauko da Manoman Albasa Daga Dutsen Mambila

In kun so ku yarda, in kun so ku ce Kawu Mamman ya tashi da ƙaryar sahe. Ni dai na taɓa tuƙa mota girgije na ƙasa, tayata na bisa, ina leƙa shi awa mai leƙen rijiya. Kuma na taɓa sa Alhaji guda, mai rumbunan albasa da ba su ƙirguwa, yay yi min karen mota da babbar riga a jikinai. Shaidu na nan Goronyo da ransu, ku hau mashin ku tambayo.

Ku yaran tashar Wurno, ku nika yi ma bayanin ga, don na ji abin da kuka cewa in na ba da baya. Wai Kawu Mamman ba direba ba na, ɗan yawo na. A ɗauke shi a kai shi shan iska, a ba shi abinci, a ɗauke shi hoto, sannan a biya shi. Wai ku ka aikin wahala, Wurno zuwa Achida, Achida zuwa Sakkwato. Haba yara! Hanyar da ko jaki ka ɗora bisa sitiyari sai ya kai mota, don shimhiɗe take awa tabarmar masallaci. Ku matso in gaya muku yadda aka kai mutane kallon duwatsu a maido su da adadin ƙahwahun da sunka tahi da su.

Aikin hwarko da maigidana yab ba ni, guntun icce na. Maigidana Ummaru Dogo, mutumin Rabah, Allah shi jiƙan shi, babbar mota shika ja, shi kai albasa gabas shi ɗauko katako. Ranar da anka kai ni wurinai koyon mota, na aza makulli za shi ba ni. Sai yam miƙo min wani katako mai kusurwa, ya yi baƙi ƙirin da mai, yac ce, "Wanga shi na weji. In mota ta tsaya bisa tudu, ka dire ka cusa shi ga taya kahin in ɗaga ƙahwata daga birki. In ka makara, da ni da kai da albasa sai dai a yi muna addu'a." Na yi shekaru ina rungume da iccen ga awa jinjiri. Sitiyari kau, ba ni taɓa shi sai in za ni goge mai ƙura.

Dogo bai da bakin koyarwa, hannu gare shi. In muna gangara dutse sai shi ce, "Mamman, mi kaj ji?" In ce ban ji komi ba. Sai in ji tas ga ƙeya. "Da hanci nika tambaya, sakarai!" Ashe warin birki shika nuhi. Birki na gajiya awa mutum. In ka danne shi tun daga bisa, sai shi yi zahi, shi yi ƙauri, ka taka ka ji ƙahwarka ta nutse awa cikin lakar hwadama, mota kau ta ci gaba da tahiyarta ba ta ko gaishe ka ba. Inji ka riƙe mota a gangare, ba birki ba. Ka sa giya ɗaya ko biyu, ka bar ta tana kuka, kai kau kana taɓa birki kaɗan-kaɗan awa mai ɗanɗana miyar surukai. Ku da kun ga ɗan gangare sai ku kashe mota wai tsimin mai. Ku yi haka bisa dutse sau guda, ba za ku ƙara sayen mai ba har abada.

Ku buɗe bayan motata ku ga kayan aiki. Weji na nan, na icce mai tauri, ba dutsen da aka tsinta bakin hanya ba. Jarkar ruwa don lagireto, man birki, igiya mai kauri. Sai leda da lemun tsami, don mutumin da yat tashi ƙasa mai shimhiɗe, da mota ta hwara kwana-kwana sai cikinai shi tuno duk abin da yac ci tun Sallar bara. Sai barguna. Basakkwace ba shi yarda akwai sanyin da yah hi na garinsu. Ka ce mai ɗauki bargo, shi ce shi da yaj jure sanyin bakin gulbin Rima da asuba. Sai kun kai bisa ka gan shi ya naɗe cikin dardumar salla, haƙora na kiɗan kalangu.

Hayar yawo ta hwarko da nas samu bayan na yi tawa bas, wani hedimasta na yac ce in kai mai 'yan makaranta su ga madatsar ruwa ta Goronyo. Nan nag gane hwasinjan yawo daban na da na kassuwa. Na kassuwa so shika ku isa. Na yawo so shika ku tsaya. Ya ga tsuntsu, a tsaya. Ya ga rakumi, a tsaya, awa bai taɓa ganin rakumi ba. Ga yara kau, idonka guda ga hanya, guda ga bakin ruwa. Daga nan samari sunka gane ni, duk Salla sai in kwashe su da sipika da kwalaben lemu, su hau duwatsun bakin dam suna hoto, kowa ya karkata wuya awa wanda kunama tac ciza. Sannu-sannu tahiya tay yi nisa: Kwatarkwashi, Jos, har can gabas inda Dogo yak koya min hanya.

Sai shekarar da hanya taɓ ɓaci. Kun san ta, ba sai na tona ba. Iyaye sunka hana ɗiyansu hita, makarantu sunka bar zancen yawo, wanda ad da halin shan iska ma yak koma shan ta cikin gida. Nac cire kujerun bas nab bi layi awa kowa, yau albasa, gobe awaki. Akwai bunsurun da nak kai Achida, har yau in rana ta yi zahi motar na tuna shi. Sipika ma sai da nas sai da ta. Amma weji da barguna ban taɓa su ba, don na san mutum ba shi daina son ganin abin da bai taɓa gani ba.

To aikin da nika son ku ji, bayan abubuwa sun ɗan lahwa yaz zo, shekarar da albasa tay yi daraja. Ina zaune nan inda kuka zaune, sai ga Alhaji Bawa daga Goronyo, shugaban wata ƙungiyar manoman rani, mutum mai jiki, in ya shiga gaban mota sai ta sunkuya ta gaishe shi.

Yac ce, "Mamman, an ce kai ka kai mutane su ga duwatsu."

Nac ce, "Ni na, Alhaji."

"Ɗana ya nuna min wani wuri cikin waya, wai Mambila. Haki kore shar, shanu awa giwaye. Gaskiya ta ko haɗin waya?"

"Alhaji, waya ma rage mai tay yi."

Yac ce to ƙungiya ta yanke bana za ta huta, su ma su ga duniya. Nac ce madalla, amma da sharaɗi: kowa jakka guda da bargo. Yawon buɗe ido na, ba cin kassuwa ba. Yac ce, "Haba Mamman, mu yara na?"

Ranar tashi nam maida kujeru, nab bar musu mota ƙohwar gidan Alhaji nat tahi gaida wani ɗan'uwa. Ko da nad dawo kowa ya zauna, an shimhiɗa darduma ƙarƙashin ƙahwa, huskoki awa na masu jiran huɗuba. Cikinsu har da Baba Tunau, tsohon masunci, ba manomi ba na, amma ba a tahiya babu shi don bakinai ya hi rediyo. Muna hanya ina jin warin albasa, sai nac ce ai mutanen Goronyo na ɗauko, in ban ji shi ba shi na abin tambaya.

Tahiya ta ba ta wasa ba, sai da munka kwana hanya. Kahin a hau dutsen akwai wani gandun daji na gwamnati, nan munka hwara yada zango. Anka haɗa mu da ma'aikacin daji, saurayi mai koren kaya, yac ce za shi kai mu da ƙahwa bisa wani tsauni mu hangi daji duka.

Alhaji yad dubi tsaunin, yad dubi yaron. "Ɗana, mi anka aje can bisa?"

"Ba komi, Alhaji. Kallo na."

"Mu hau, mu yi zuhwa, mu sauko hannu banza?"

"Haka masu zuwa ka yi."

"Allah shi ba su lahiya," in ji Alhaji, yas samu inuwa yaz zauna. Duk sauran sunka zauna. Ba wanda yat taka ko nan da can. Baba Tunau kaɗai yab bi yaron zuwa bakin gulbi, shi ma da yag ga kihi na iyo manya-manya, anka ce mai an hana kamu, sai yad dawo shina riƙe da kai. "Mamman, wane irin gari na wanga? Kihi na kallona ina kallonai, ba mai cewa wani komi!" Ana cikin haka wani gwaggon biri yad diro yas sure ƙunshin kilishin Alhaji yah haye icce, shina ci shina kallon mai shi. Wannan kaɗai na abin da sunka yarda ya kai a ba da labari.

Da munka kama hawan dutsen, mota taƙ ƙi. Ina giya ɗaya tana nishi awa tsohuwa da tulu. Can sai lagireto yat tahwasa. Nat tsaya, nad dire nas sa weji da kaina, naɗ ɗaga dardumar da ƙahwar Alhaji take bisa. Buhun albasa. Naɗ ɗaga ta gaba. Buhu. Duk ƙarƙashin kujeru an cusa, har inda nika aje barguna.

Nac ce, "Alhaji, wanga hwa?"

Ko kunya babu yac ce, "Guzuri na."

"Guzurin wa? Na rundunar yaƙi?"

Baba Tunau yac ce, "Bar su, ɗana. Manomi in ya hita babu buhu, gani shika tsirara yah hito."

Da lallashi da ruwan jarka munka kai bisa. Can kau, abin sai wanda yag gani: tuddai kore har iyakar ido, gonakin ganyen shayi, shanu sun ƙoshi har ba su son tahiya, sanyi kau ya sa masu cewa ba su son bargo suna hwaɗa bisa bargo. Amma ku tambaye ni mi sunka kalla. Kassuwa. Da sunka sauke albasar Goronyo cikin garin Gembu, mata sunka yi caa, kahin a yi la'asar ko ɓawo bai saura ba. Alhaji na ta murmushi shina cewa, "Mamman, ashe yawon buɗe ido abu na mai albarka." Ni kau nac ce Alhamdu lillahi, mota ta yi sauƙi, saukowa ba matsala.

Sahiyar komawa nah hito daga masauki ina miƙa, nan nag ga motata ta durƙusa. Walle ba ƙari, bayanta ya kusa taɓa ƙasa, sifirin ya miƙe sambal awa sanda. Dankalin Turawa buhu-buhu ƙarƙashin kujeru, bisa ruhi an ɗaure wasu da igiyata, ga ayaba, ga jarkokin zuma. Mutane kau sun shige sun zauna bisa kaya, gwiwa na taɓa haɓa, ana jirana.

Nac ce, "Alhaji, motag ga ba ta sauka haka."

"Kai Mamman! Ranar kassuwar Achida na ga ka ɗauki abin da yah hi wanga."

"Hanyar Achida in birki ya ƙi, gonar gero za ni hwaɗawa, mai gona shi zage ni in ba shi haƙuri. Nan in ya ƙi, sai mun yi hira cikin iska kahin mu kai ƙasa."

Anka yi dariya, an aza wasan da na saba na. Sai naz zare makulli nas sa aljihu, nat tahi wurin mai shayi naz zauna, nac ce a haɗa min mai kauri. Nan dariya taƙ ƙare. Ku sani, mutanen ga duk sun girme ni ko sun hi ni, wasu tare da babana sunka yi ƙuruciya. Ba a cewa irinsu a'a da sauƙi. Amma ni ka komawa Goronyo in dubi iyalansu, kuma ni na san abin da nauyin ga ka yi ma birki a gangaren da ba shi ƙarewa.

Alhaji yaz zo yat tsaya kaina. Yay yi lallashi, yay yi hwaɗa, yac ce tun ina yawo ba wando yas san ni. Nac ce a bar kayan. Anka yi salati awa na ce a bar ɗa. Nac ce to a ɗauki wata mota ta sauko da su. Alhaji yac ce riba ta tahi ke nan. Wani yac ce in sauke mutane in dawo in ɗauki kaya. Nac ce injin da yat tahwasa jiya-jiya ba shi hawan dutsen ga sau biyu. Da nag gaji sai nac ce, "To ku ji. Motag ga abu guda taka ɗauka zuwa gindin dutse, ko ku ko dankali. Guda shi taka da ƙahwa."

Ni ba'a nika yi. Sai nag ga suna duban juna. Baba Tunau yas soshi gemu yac ce, "To, dankali dai ba shi da ƙahwa."

Yara, ina zaune ina kallo, mutanen da sunka ƙi hawan ɗan tsauni don ba a aje komi bisa ba, sunka hito ɗaya bayan ɗaya suna naɗe ƙahwar wando. Da munka kai inda gangaren ka somawa, kowa yad dire. Nac ce ma Baba Tunau shi dai shi zauna gaba, tsoho na, kuma nauyinai bai kai na buhu ba. Yac ce in ba shi wuri, ba a ba da labarin abin da ba a taka ba. Naɗ ɗauko weji nam miƙa ma Alhaji.

"Wanga na mi?"

"Alhaji, kai ad da buhunna mahi yawa. Ka bi kusa da tayar baya. In na yi kira, ka cusa shi."

Haka munka kamo hanya. Ni kaɗai cikin mota da dankali, giya ɗaya, inji na kuka awa ana yanka shi, ga ayarin alhazai na biye a ƙasa. Hagu bangon dutse, dama rami wanda in ka jehwa dutse sai ka manta da shi kahin shi kai. Masu mashin na wucewa suna waige, wani har ya tsaya shina tambaya ko gawa anka ɗauko.

Duk da babu mutum ciki, nauyin na tura ni. Muna kaiwa wata kwana mai lanƙwasa awa ƙugiya, hancina yab ba ni labari: ƙauri. Nat taka birki naj ji ya hwara laushi. Dole a tsaya shi huce, kuma birkin hannu kaɗai ba shi riƙe kayan ga a wurin. Nam matsa jikin bango, nad danne iyakar ƙarhina, nal leƙa nak kwarma ihu, "Alhaji! Weji!"

Ban taɓa sanin mai jiki na gudu haka ba. Hula tay yi nata wuri, riga ta cika da iska awa tantin biki. Yaz zo yad durƙusa shina cusa shi bayan taya.

"Gaba, Alhaji, gaban taya! Gangara muka yi!"

Yaz zare yam maida gaba. Naɗ ɗaga ƙahwa a hankali. Mota tam matsa kamar taki guda, tah hau iccen, taz zauna. Nak kashe ta nad dire, munka ƙara duwatsu ga sauran tayu.

Muna jiran birki shi huce sai wani yal leƙa ramin yac ce, "Inna lillahi." Can ƙasa ga ƙwarangwal ɗin wata babbar mota, tayu bisa, haki ya tsiro cikinta. Alhaji yad daɗe shina kallo, sannan yak koma kusa da tayar yat tsuguna, hannu bisa weji, awa za a ƙwace mai shi.

Nan inda munka tsaya na sunka ga abin da nak kawo su gani. Hazo yay yaye, sai ga girgije ƙasa da mu hwari tas awa an baza kaɗa, ruwa na zubowa daga wani dutse can nesa, birai na tsalle bisa itace. Wayoyi sunka hito. Wani na cewa Subhanallahi, wani na cewa a ɗauke shi shi ma a tura gida. Ba wanda yat tambayi kuɗɗin komi.

Sau da yawa munka tsaya haka kahin mu kai ƙasa, kuma ko sau guda ban ƙara kiran Alhaji ba, kahin in buɗe baki ya cusa. Rana ta yi tsaka munka iso gindin dutse, kowa da ranshi, ko dankali guda bai hwaɗi ba. Akwai wani ɗan rahi nan, sunka zube bakinai sunka tsoma ƙahwahu, takalma sun tsinke, dugadugai sun kumbura, ba mai iya ko tsokanar wani. Ni kau nah hito daga mota garau, ina karkaɗe riga.

Nat tahi wurin Baba Tunau, shina kwance rigingine bisa yashi, nac ce, "To Baba, sannu da hutawa. In mun koma Goronyo anka taru ana tambaya, mi za ka ce musu?"

Bai ko buɗe ido ba yac ce, "Mi za ni cewa? In ce dankali yay yi hayar mota yat tahi shan iska, mu kau munka yi mai rakiya a ƙasa."